Zare Lagwani

Lurwanu ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, kalmar nan ta shafi na arba'in fa?"
Na dubi agogo, na ce sai gobe.
Malamin Turanci ba ya cewa bai sani ba,
sai dai lokaci ya ƙure.

Bayan isha na jawo ƙamus,
wanda ya rabu da bangonsa tun ina ɗalibi.
Ashe kalmar 'yar bariki ce,
a yaƙin duniya na biyu aka yanke mata cibi:
bam ya faɗo bai tashi ba,
wani ya rarrafa, numfashi a riƙe,
ya zare masa lagwani.
Daga baya ta tuɓe kaki ta shigo gari,
ana aikenta duk inda rai ya ɓaci.

Ban rufe shafin ba lungunmu na Ƙofar Sauri ya ɗauka.
Kwata ce dai.
Ruwan wankin gidan Rabe mai walda
ya sake kwana a gindin katangar Sada tela.
Rabe da guntun rodi,
Sada ya naɗe hannun riga,
magana ta wuce kwata ta kai kan kakanni.
Yara sun ɗare katanga, kallo ya samu.

Sai ga Gwaggo Tasalla da butarta,
tana jan silifa ɗaya.
Ba ta ce a yi haƙuri ba,
ba ta tambayi wa ya fara ba.
"Rabe, yawwa, ƙarfen nan nake nema,
ƙofar akurkina ta ɓalle tun Laraba,
muzuru ya gama ni. Taho."
Ta waiga: "Kai kuma Sada, rigar jikata,
sai ta yi furfura za ka haɗa wuyan?"

Wani yaro ya tuntsire a kan katanga.
Rodi ya bi tsohuwa, kai a sunkuye.

Kwatar na nan, da asuba na tsallake ta,
tana warinta.
Bam ɗin na kwance da nauyinsa,
lagwanin ne ke tokare da ƙofar kaji.

A aji na ce: ba sulhu ba ce,
sulhu sai an shimfiɗa tabarma, an kira mai unguwa, an raba goro.
Ba rarrashi ba ce, wannan na mai kuka ne.
Ita tana zuwa kafin jini,
ta sayo wa mutane dare ɗaya.

Lurwanu ya ce, "To da Hausa fa, Malam?"
Na daɗe riƙe da alli.
Sannan na rubuta: Tasalla.