Ambulan da Ba Nawa Ba

Ƙarfe huɗu na asuba, Chimbote ba ta farka ba,
sai mu da tsuntsayen teku.
Warin kifi ya riga mu shiga layi.
Shekara goma sha tara yana zaune a gashina,
ya gagari sabulu.

Eufemia nake. Wuƙata ta san tafina.
Kai gefe, hanji gefe, ƙaya waje,
tsoka cikin gwangwani.
Kafin ka ƙifta ido na gama uku.
Yatsuna biyu sun daina miƙewa,
ruwan ƙanƙara ya karɓi harajinsa.

Nicanor ya zo bara waccan,
yana riƙe wuƙa kamar za ta cije shi.
Ni na gyara masa zaman babban yatsa,
ni na ɗaure masa yankan farko,
na ce, bi ƙashin a hankali, yaro,
kada ka yi gardama da shi.

Ranar biya akawu na fama da mura,
ido na ruwa, ya miƙo ambulan.
Sai a motar haya na buɗe.
Na ƙirga, na tofa yawu a yatsa, na sake.
Na ce, yau Don Abelardo ya tuba ne?
Da na juya takardar, ga sunan Nicanor.

Teburinmu ɗaya, kwandon kifinmu ɗaya,
ƙararrawa ɗaya ke sallamarmu.
Ashe akwai sol ɗari uku da arba'in tsakaninmu,
rami ne aka shimfiɗa wa tabarma,
kullum ina tsaye a bakinsa.

Ban yi kuka ba, lissafi na yi.
Daga tashar kasuwa zuwa ƙofar gida
kuɗin suka zama kwanon rufi
da ke yoyo kan gadon tsohuwata,
suka zama tabaran Maribel
da take ƙanƙance ido a gaban allo,
suka zama turmin haƙorin nan
da na yi ta lallashi da ruwan gishiri har ya faɗi.

Na kai masa abinsa, ko sisi bai yi ciwon kai ba.
Ya dubi nawa, ya dubi nasa, ya dubi ƙasa.
Ya ce, ban sani ba.
Na ce, na san ba ka sani ba,
da rashin sanin nan suke cin kasuwa.

A ofis akwai fanka da kujera mai juyi.
Don Abelardo ya ce, a takarda
shi ma'aikaci ne, ke mataimakiya.
Na ce, wa nake taimaka wa?
Ya ce, namiji yana da iyali.
Na ce, baki biyar ke jirana,
kuma mai shinkafa bai taɓa rage mini farashi
don ya ga ni mace ce ba.

Ran Litinin Hermelinda ta zo da ƙusa.
A bangon famfo, inda muke wanke hannu,
ta kafe takardar albashinta.
Teodora ta bi. Har gwauruwar nan mai tsoron inuwarta.
Sittin da biyu, suna kaɗawa kamar shanya.
Can sai ga Nicanor, hannu na rawa,
ya kafe tasa kusa da tawa.
Maza biyu suka bi shi. Sauran suka tsura wa takalmansu ido.

Muka kwantar da wuƙaƙe.
Kifi ba ya jiran a gama taro.
Kafin la'asar ya hau bene da kansa,
ya yi mana magana a hancin manaja.

Sun ƙara ɗari biyu.
Sauran, wai sai shekara ta juyo.
Maribel ta samu tabarau, rufi yana nan yana ɗiga.
Saura ɗari da arba'in.
Na rubuta shi da alli a cikin murfin akwatina,
kuma kowace asuba, kafin jirage su sauke,
ina wasa wuƙata.