Goron da Ban Gama Ba

Shekara talatin ina jan kamiyo
tsakanin Damagaram da Agadas.
In taya ta yi mutunci, kwana biyu.
In ta ƙi, sai yadda Allah ya yi.

Da zan dawo gida, Zuwaira ta sayo min tikiti.
"Baba, awa ɗaya ce, ko ta ɗara kaɗan."
Na yi dariya.

Muna barin ƙasa na ɓare goro,
na manna goshi a taga.
Wancan ɗigon, ko Adarbisanat ne?
Agali mai shayi yana bi na dala arba'in,
na wuce ta kansa kamar shirwa.
Tanut ba ta ce min sannu ba.
Bakin Birji, inda Tanimun ya koyi tuƙi a hannuna,
ban ma gan shi ba.

Sai ga duwatsun Birni, ƙanana kamar tsakuwa.
Ɓarin goron yana hannuna.

Ga ni a ƙofar gida a Zango,
ana ta barka da hanya.
Wace hanya?
Ni ina can baya, wajen Takukut,
ƙarƙashin adua,
ina jiran inji ya huce.