Rumfar Tanimu

Ran Lahadi na je Gujungu da kuɗin mujalla a aljihu,
na tarar rumfar Tanimu ta koma wurin caji.
Igiyar da yake rataye su a kai,
yanzu wayoyi ne ke lilo kamar jemagu.
Ya ce, "Malam Isyaku, an daina bugawa.
Mai kawo mini daga Kano ya koma sayar da kati."
Janareto na ta tari a bayansa.

Na sayi gishiri da kuɗin.

A gida akwai akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado,
fitowar shekara goma sha tara,
gara ta fara karanta wasu daga gefe.
A bangon wata akwai shatin kofin shayin yayana.
Shi ya rasu, shatin na nan.

Hansatu ta miƙo mini wayarta:
"Baba, ga ta yau, har hoton yana motsi."
Na karanta. Ban ƙi ba, labarin ya yi daɗi.
Amma sai mun hau tudun bayan makaranta take buɗewa,
ba ta da kunnen da zan naɗe in dawo gobe,
ba ta fifita,
ba a ba maƙwabci aronta ya kwana da ita.

Da daddare caji ya ƙare.
Na ji ƙarar akwati.
Ga yarinya da tocila a haɓa,
tana lasar yatsa tana juya shafi,
abin da ba wanda ya koya mata.

Ban ce komai ba.
Da safe na aika a sayo maganin gara.