Gudumar Goggo Eduvigis

Matakala ɗari da sittin muka hau,
ni da Goggo Eduvigis, Asabar da hantsi,
jiragen ruwa na kuka a tashar Valparaíso.
Ni da hoton gidan a waya,
ita da 'yar guduma a jakar cefane,
tana haki, ba ta ce uffan ba duk tsawon tafiya.

Gidan shuɗi ne, tagoginsa uku suna kallon teku.
Dillali Nibaldo ya ce, "Ku dubi kyau!"
Ta ce, "Kyau ba ya biyan banki."
Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa ginshiƙi,
gari ya zubo, aikin gara.
"Baltasar, ka gani? Fenti ƙanin ƙarya."

Muka zauna a kan dakali.
"Shekara nawa kana tuƙa bas?"
Na ce, "Tara."
Ta ce, "To, me ka tara?"
Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta yi tsaki.
"Kafin alƙalami daga guminka zai fito,
kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gida.
Wanda ya ranto shi don ya sake rance
ya haƙa rijiya a cikin rijiya.

"Banki uku za ka shiga, ba ɗaya ba.
Za su ba ka kofi, ka sha, kada ka sa hannu.
Kar ka tsaya ga abin da za ka biya a wata,
ka ce su rubuta maka jimla ta shekara ashirin,
ka tambaya: kuɗin ruwan nan a tsaye yake ko yana yawo?
Bashi kamar yaro ne, kana barci yana girma,
kafin ka farga takalminsa ya matse shi,
kai ne mai sayen sabo, ko kana so ko ka ƙiya.

"Shekarar mai gida wata goma ce.
Biyun na ɗaki ne da babu kowa,
da famfo, da haraji, da inshora,
don ƙasar nan tana girgiza ba sallama.
In lissafi bai fita da goma ba, tashi ka tafi,
gida ba ya ƙarewa a duniya."

Sai ta yi shiru. Wata kyanwa ta wuce ta kan rufi.
"Ni da kuɗin suyar kifi na sayi na fari.
Na ƙi biyan lauya, wai ni mai wayo.
Ashe magada bakwai ne, shida suka sa hannu,
na bakwai yana can kudu yana kiwon tumaki.
Shekara huɗu ina zarya a kotu,
gashina a nan ya yi fari.
Araha ba ta ado, ɗana.
Ka biya a bincika maka takarda tun daga tushe,
kuɗin lauya bai kai kuɗin shari'a wuya."

Ban sayi shuɗin ba.
Bayan wata goma sha huɗu na sami wani a gangare,
ruwan toka, mummuna, ba ya ganin teku,
amma ƙofarsa biyu, kuma asibiti na kusa.
Ina kwana a ƙasa, sama na Ximena ne, ma'aikaciyar jinya,
biyar ga wata take turo haya.

Da sanyin Yuni ya zo da ruwa,
rufi ya soma ɗiga daidai kan gadonta.
Ban kira kowa neman rance ba,
na buɗe asusun wata biyun nan, na kira kafinta.
Da yamma Goggo ta zo duba aiki,
ta zaga, ta ƙwanƙwasa nan da can,
ba ta yaba ba, ba halinta ba ne.
Da ta tafi na ga gudumar a kan teburina,
da 'yar takarda: "Kafin na biyu, ka yi shekara uku kana ajiya."