Dala Ashirin

Na sauka Yamai da jaka ɗaya da fushi biyu:
na hanya, tun daga Zariya har Ƙonni har nan,
da na maigidana da ya turo ni tada injin buga takardu.
Kwana goma, in ji shi.
Injin ya ƙi tashi. Ni ma na ƙi garin.

Ranar nan ba ta sallama, da mari take farawa.
Mai ƙosai ta ce dala ashirin,
na ƙirga sefa ashirin na miƙa,
ta dube ni kamar na taka mata tabarmar salla.
Wani dogo mai tawada a gwiwar hannu ya tuntsire da dariya,
ya ajiye mata ɗari, ya ce,
"Baƙo, dala a nan biyar ce.
Ninka komai sau biyar, har haƙurinka."

Tinni ke nan, Bazabarme, mai yankan takarda a wurinmu.
Bai ce mini ƙasarsu ta fi ba.
Bayansa kawai na hau, a tsohon babur mai tari,
muka kutsa Katako, inda ake sayar da ƙusar da ta mutu sau uku,
ya tono mini haƙorin ƙarfen da na nema har Kano na rasa.

Innarsa a Gamkalle ta zuba dambu da zogale a kwano guda,
ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci,
ta tura mini gefen da ya fi mai,
na gane.

Ya koya mini fofo.
Ya koya mini kala suru, wato sai haƙuri,
ya ce da waɗannan biyun har kurkuku za a ba ni shayi.
Da almuru muka tsaya a tsohuwar gada,
masu wanki na naɗe zannuwa a gaɓa,
jemagu sun yi wa sama rumfa,
can ƙasa wani abu ya huro ruwa ya nutse.
"Dorina," in ji shi, "ita ma ba ta da katin zama."

A fadarsu kofi uku ake sha, ba a gudu a na biyu.
Suka yi ta yi wa nairata tsiya,
na rama da wutarsu da ke zuwa daga wajenmu,
har Tinni ya ƙware da dariya.

Injin ya tashi ran Laraba.
Ban faɗa wa maigidana ba sai Lahadi.

Yau a Tudun Wada yarinya ta ce ƙosai naira ɗari,
na tsinci kaina ina ninkawa,
hannuna a aljihu, bakina ya riga ni:
fofo.