Gurbi Uku a Littafin Firji

Daren Talata Dakta Mannir ya sa aka shafa fenti,
har ƙofar ban-ɗaki ta sha shuɗi.
Ni Indo, mai shara, mai riƙon littafin firji,
na goge benci sau uku ina atishawa.

Da hantsi motar ma'aikata ta tsaya a Ƙofar Marusa.
Wani dogo ya sauko da jaka,
sai Malama Barira, gajera, biro rataye a wuya.
Ko kallon bangon ba ta yi ba.
Ta ce, "Ina kuke wanke hannu?"
Ta murɗa famfo, famfo ya yi tari, ya yi shiru.
Na ruga na kawo buta.
Ta dube ni, ta rubuta.

Ta ɗaga kwalin tsofaffin allurai,
ta jijjiga shi kamar mai tayin kankana:
"Ya cika har ya wuce layi. Wa ke ƙonawa? A ina?"
Dogon ya ciro jar tukunyar kashe gobara
da yatsa biyu.
Tun goyon autana babu komai cikinta sai suna.

Dakta ya gyara tsayuwa.
"Shekara ashirin da shida ina nan.
Na san kaka, na san uwa, na san jika,
na san wanda ba ya haɗiyar ƙwaya
sai an niƙa masa cikin kunu."
Ta ce, "Na sani, Dakta.
Kai ka ɗinke mini goshi ina aji uku."
Ta ɗan ja gyale, ga tabon nan kamar ƙwayar shinkafa.
"Sai dai takardar nan ba ta da gurbin wannan."
Ta miƙa hannu can ƙuryar kanta,
ta zaro kwalba, ta karanta kwanan wata:
wata bakwai da mutuwarta,
tana zaune cikin masu rai.

Sannan ta buɗe littafina.
Safe da yamma nake rubuta sanyin firji,
lamba bayan lamba, kamar mai ƙidayar kaji.
Gurbi uku fari fat.
Jiya Bishir mai ba da magani ya ce da ni,
"Cike su mana, biro ba ya tsegumi."
Na riƙe biron har ya yi gumi, na ajiye.

Ta ce, "Nan fa?"
Na ce, "Jibiya na tafi, wana Rabe ya rasu.
Na dawo na tarar an ɗauke wuta, janareto ya ƙi,
ruwa kwance ƙarƙashin firji.
Dakta ya kwashe rigakafin duka ya zubar,
ya tsaya bakin ƙofa yana ba mata haƙuri,
suna juyawa da 'ya'yansu a baya."

Ta rufe littafin a hankali.
"Sha ɗaya na duba a watan nan,
kowanne cike taf, lamba ɗaya, tawada ɗaya.
Yau na ga wanda zan iya yarda da shi."
Ban gama jin daɗi ba ta ƙara rubutawa:
a sami mai duba firji in Indo ba ta nan,
don mutuwa ba ta neman izinin asibiti.

Mako biyu suka ba mu.
Dakta bai raka su mota ba.

Washegari na zo da tsintsiya tun da duku-duku,
na same shi zaune a ƙasa, tabarau a kan hanci,
kwalaye kewaye da shi,
yana ɗaga kowace kwalba ga hasken taga,
wasu dama, wasu hagu.
Bai ɗago ba ya ce,
"Indo, nemo mana mai gyaran famfo."

Na jingina da bango ina tunanin wa zan kira.
Fentin bai bushe ba.
Har yau shuɗin yana jikin mayafina.