Shafi na Huɗu

Ƙanƙara ta sauka a Newton daren Talata,
kowace ɗaya kamar ƙwan zabo.
Kafin gari ya waye motocin baƙi sun cika titi,
lambar Texas, lambar Missouri,
sabon fenti, sabon tsani, baki kamar zuma.

Orval Friesen ya shigo ofishina, hula a hannu.
Shekara talatin da takwas yana hawan rufin garin nan.
Ya ce, "Marisela, duba mini wayar nan, ko ta mutu?
Tun safe ko tari ba ta yi ba."

Na juya masa allon kwamfuta,
na rubuta: mai gyaran rufi kusa da ni.
Shafi na farko, baƙi.
Na biyu, baƙi da ƙannen baƙi.
Sai can a shafi na huɗu muka tsince shi,
inda ko ɓatacce ba ya leƙawa,
da adireshin shagon da ya bari tun rasuwar matarsa,
da hoton wata mota da ya daɗe da sayarwa.

"Kusa da ni," ya maimaita a hankali.
"Ni na rufa gidan da kike kwana a ciki.
Wa ya fi ni kusa?"

Na ce, injin nan kurma ne, ba ya jin guduma,
abin da aka rubuta masa kaɗai ya sani.
Kawo hotuna. Kawo sunayen tituna.

Ya kawo kwalin takalmi cike da rufi.
Ba mutum ko ɗaya a ciki, sai gajimare da bututun hayaƙi,
amma yana ɗaga hoto yana kiran suna:
wannan na su Goering ne, an yi musu tagwaye ranar da na gama,
wannan coci ne, ban karɓi ko sisi ba,
wannan kuma na faɗo daga kansa, ga shaidar a gwiwata.

Na rubuta a saman shafi: Gwanin rufi na ɗaya a Kansas.
Ya ce in goge.
"Harlan Unruh ya fi ni iya indararo, kowa ya sani."
Muka yi ta ja har shayi ya huce.
Abin da ya rage: Orval. Rufi. Tun 1986.
Sai maɓallin kira, babba, ja,
don yatsan da ya jiƙe, mai riƙe da bokiti a ɗayan hannu.

Taurari ne suka fi ba mu wuya.
Wai shi bai taɓa roƙo ba, ba zai fara da tauraro ba.
Ni na bi gida gida da katin a jaka.
Tsohuwa Verna Penner ta ba shi huɗu cikin biyar:
"Rufin bai taɓa yoyo ba.
Amma ya taka mini tumatir a 1998."
Orval ya karanta sau uku, ya ce a bar shi a sama.

Mako uku, shafi na biyu.
Mako bakwai, ɗan jan ɗigo a kan taswira, na uku daga sama.
Wayar ta farfaɗo, tana ruri a aljihunsa,
shi kuwa yana can bisa, ƙusa uku a baki,
ba ya ɗauka sai ya sauko.
Na yi faɗa har na gaji.

Oktoba ta zo, baƙi sun bi wata ƙanƙarar zuwa kudu.
Daren jiya aka kwana ana ruwa.
Ina zaune a kicin ina ƙirga masu ziyarar shafin,
goma sha tara, ashirin,
sai na rufe kwamfutar na kasa kunne.
Ruwa na dukan sama da dukan ƙarfinsa.
A cikin gida, ko ɗigo.